Daga Ina Suka Fito? Kundin Aikina Kan Gidajen Sarautar Indiya Na Dā

6 ga Janairu, 2025

Yau na sa hannu a aikin da na daɗe ina ɗagawa: ɗan littafi da Hausa kan gidajen sarautar Indiya na dā, tun daga Magadha har zuwa sarakunan Musulmi na Delhi. Zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, domin masu bin aikin su san halin da ake ciki.

Tun zamanin iyayenmu muke kallon finafinan Indiya. Marasa lafiyarmu na zuwa asibitocinsu, 'ya'yanmu na karatu a jami'o'insu. Amma idan ka tambayi mai karatun Hausa wa ya mulki ƙasar kafin Turawan Ingila, da wuya amsarsa ta wuce waɗanda suka gina Taj Mahal. Su kuwa 'yan gidan Mughal sai a 1526 suka kafu. Kafin zuwansu an yi sarauta ta kusan shekara dubu biyu, wadda ta bar sawunta a duwatsu da allunan tagulla da tsabar kuɗi, kuma ya kamata a ce mai jin Hausa zai iya karanta labarinta da harshensa.

Ƙasar ta yi faɗi, gidajen sun yi yawa, ba kowa zai shiga ba. Abin da zai ɗaure littafin tambaya ce guda da zan yi wa kowane gida: daga ina kuka fito? A kowane babi zan ware abu biyu. Akwai abin da gidan ya faɗa game da kansa ta bakin mawaƙan fada da malamansa. Akwai kuma abin da ya saura a dutse da tagulla da kuɗi, da abin da baƙin da suka ratsa ƙasar suka gani. Wani abokina malamin jogarafi ya yarda zai zana taswirori, ni kuma zan haɗa jadawalin shekaru a ƙarshe.

19 ga Janairu

Babi na farko ya tsaya da ƙafarsa. Na fara da Magadha, kudu da kogin Ganga a jihar Bihar ta yau, domin a nan ne wata masarauta ta fara haɗiye maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya. Tana da tama a duwatsu, giwaye a dazuka, ƙasa mai albarkar shinkafa, ga koguna masu ɗaukar kaya da mayaƙa. Bimbisara ya faɗaɗa ta da yaƙi da auratayya, ɗansa Ajatashatru ya kawar da shi ya hau. Na wuce su da sauri, na tsaya a kan gidan Nanda.

Littattafan Hindu sun ce uwar Mahapadma Nanda 'yar Shudra ce, wato aji na ƙasa cikin azuzuwa huɗu da suka kasa mutane bisa haihuwa. Mabiya addinin Jain sun ce ɗan wanzami ne. Marubutan yaƙin Iskandar na Makidoniya su ma zancen wanzami suka ji. Majiyoyi uku da ba su haɗa hanya ba sun tsaya a kan abu ɗaya: daula babba ta farko a arewacin Indiya ba jinin sarauta ne ya kafa ta ba. Kuma labarin ƙarfinta, wai sojan ƙasa 200,000 da dubban giwaye, yana cikin abin da ya sa rundunar Iskandar ta turje a bakin kogin Beas a shekara ta 326 kafin Miladiyya, ta ce ba ta ƙara taku ɗaya gabas.

Wajen shekara ta 321 kafin Miladiyya Chandragupta Maurya ya tumɓuke su, da shawarar malaminsa Chanakya kamar yadda ruwayoyi suka zo. Shi ma asalinsa kowa da nasa zancen. 'Yan addinin Buddha sun ce ɗan dangin Moriya ne, masu martaba, har suka haɗa su da dangin Buddha kansa. 'Yan Jain sun ce uwarsa 'yar mai garin wani ƙauye ce na masu kiwon ɗawisu. Wasu marubutan Hindu na baya suka ce ɗan wata mata ce ta ƙasa-ƙasa mai suna Mura. Na jera su ukun, na kuma sa mai karatu ya lura da wanda ya faɗi kowanne. Waɗanda gidan ya yi wa alheri sun ɗaga asalinsa, waɗanda ba su sami haka ba sun sauke shi.

Abin da yake tabbas ya fi waɗannan daɗi. Wajen 303 ya yi sulhu da Seleukus, magajin Iskandar a gabas. Ya karɓi yankuna a Afganistan da Pakistan na yau, ya ba da giwaye 500, kuma da giwayen nan Seleukus ya shiga yaƙin Ipsus a 301 ya yi nasara. Jakadan Girkawa Megasthenes ya zauna a Pataliputra, wato Patna ta yau, ya bayyana ganuwarta ta katako mai ƙofofi 64 da hasumiyoyi 570.

2 ga Fabrairu

Babin Ashoka ya fi kowane tsawo zuwa yanzu, kuma ba ni da niyyar rage shi.

Jikan Chandragupta ne, ya yi mulki daga wajen 268 zuwa 232 kafin Miladiyya. Abin da ya fara kama ni shi ne yadda ƙasarsa ta manta da karatun rubutunsa. Ginshiƙansa suna tsaye, duwatsunsa suna nan, amma ƙarnuka suka shuɗe ba mai iya fitar da baƙi ɗaya, har sai a 1837 da James Prinsep, ma'aikacin gidan buga kuɗi a Kalkata, ya warware rubutun Brahmi. Ko da aka karanta, sarkin bai ambaci sunansa ba. Yana kiran kansa Devanampiya Piyadasi ne kawai, wato abin ƙaunar alloli mai kyan gani. Sai a 1915 aka sami wani dutse a Maski, can kudu, inda sunan Ashoka ya fito tare da laƙabin.

Ga abin da ya shafi tambayata: a duk rubuce-rubucen nan bai jera salsala ba. Bai ce shi ɗan wane jikan wane ba ne, alhali kakansa ne ya kafa daular. Abin da ya sa a sassaƙa shi ne rijiyoyin da ya haƙa, itatuwan da ya dasa a bakin hanya, magani domin mutane da dabbobi, da umarnin cewa kada mai wani addini ya aibata addinin wani ba bisa dalili ba. A Lumbini, inda aka haifi Buddha, ya rubuta cewa ya rage wa garin haraji zuwa ɗaya bisa takwas.

Sai rubutu na goma sha uku, kan yaƙin Kalinga, wata ƙasa a gaɓar gabashin Indiya, a shekara ta takwas da naɗinsa. Da bakinsa ya ce an kwashe mutum 150,000 daga ƙasarsu, an kashe 100,000, waɗanda suka mutu a sanadin abin kuwa sun ninka haka. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai. Na karanta kirarin sarakuna da yawa saboda wannan aiki, ban ci karo da wani wanda ya ci yaƙi ya sa aka sassaƙa nadamarsa a dutse ba. Duk da haka na rubuta abu biyu da bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Kuma a cikin Kalinga kanta, a Dhauli da Jaugada, ba a sassaƙa wannan rubutu ba, wasu umarnoni ne dabam ga ma'aikatansa aka sa a madadinsa. Ina ganin nadamar ta gaske ce, ina kuma ganin sarki ne wanda ya san inda zai faɗe ta da inda zai yi shiru.

A wannan rubutun ya ambaci sarakuna biyar na yamma, ciki har da Ptolemy na Masar da Magas na Sirene, a Libiya ta yau. Ke nan tun a lokacin fadar Pataliputra ta san da sarakuna a nahiyarmu. A Kandahar kuma an sami rubutunsa da Girkanci da Aramiyanci a 1958. Gidan bai kai shekara hamsin da wani abu a bayansa ba: wajen 185 kafin Miladiyya sarkin yaƙi Pushyamitra Shunga ya kashe sarki na ƙarshe, Brihadratha, a gaban runduna.

16 ga Fabrairu

Abokina ya kawo taswira ta farko, ta wuraren da aka sami rubutun Ashoka. Da ka kalli ɗigogin, daga Kandahar zuwa Karnataka, ka ga faɗin daular ba tare da an ja iyaka ba. Mun yarda haka za mu yi duk taswirorin, ɗigo a inda akwai shaida, domin layin iyaka yana nuna tabbacin da babu shi.

Wata malama da ke bin aikin ta aiko da saƙo: "Malam, sannu da ƙoƙari. Amma ina matan suke?" Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin ina cikin babin Satavahana, masu mulkin tsakiyar ƙasar da ake kira Dekan. Sarakunan wannan gida da sunan uwa ake kiransu. Mafi girmansu Gautamiputra Satakarni ne, wato ɗan Gautami, kuma mafi yawan abin da aka sani game da shi mahaifiyarsa Gautami Balashri ce ta sa aka rubuta a bangon wani kogo a Nashik bayan rasuwarsa. Ta ce ya tumɓuke gidan abokin gabarsa Nahapana. Da maganar uwa ce kawai da sai a ce so ne. Amma a Jogalthambi, kusa da Nashik, an tono tarin kuɗin azurfa na Nahapana sama da 13,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku an sake buga tambarin Gautamiputra a kansu. Kuɗin sun gaskata uwar.

Kushan kuwa baƙi ne ƙiri-ƙiri. Makiyaya ne da Sinawa ke kira Yuezhi, waɗanda aka koro daga iyakar Sin ta arewa maso yamma, suka yi ta tafiya har Afganistan, sannan suka gangaro Peshawar da Mathura. Jerin sarakunansu ya daɗe ana gardama a kansa, sai a 1993 aka sami wani dutse a Rabatak a Afganistan inda babban sarkinsu Kanishka ya ambaci ubansa da kakansa da kakan ubansa, Kujula Kadphises. Babin nan gajere ne, shafi uku.

9 ga Maris

Azumi ya rage saurin aikin. Bayan asuba kawai nake zama, amma babin Gupta ya kusa.

Wannan gida da ake kiran zamaninsa na zinariya ya fara ne a ƙanƙane. Sarakuna biyu na farko, Sri Gupta da Ghatotkacha, laƙabin maharaja kawai suke da shi, wanda a lokacin ƙananan sarakuna ma na ɗauka. Rubuce-rubucen gidan ba su ce sun sauko daga rana ko wata ba, ba su ma faɗi ajinsu na haihuwa ba. Na uku, Chandragupta na Ɗaya, shi ne ya fara kiran kansa sarkin sarakuna, kuma ana danganta ƙidayar shekarun gidan da ta fara a 320 Miladiyya da hawansa. Me ya ɗaga shi? Aure. Ya auri Kumaradevi ta tsohon gidan Licchavi. Akwai kuɗin zinariya masu hoton miji da mata tare, a bayansu an rubuta sunan dangin matar. Ɗansu Samudragupta yana alfahari da cewa shi jikan Licchavi ne ta wajen uwa. Martabar asali a nan daga ɗakin mace ta shigo gidan.

Kirarin Samudragupta, wanda ɗan fadarsa Harishena ya tsara, an sassaƙa shi ne a jikin ginshiƙin Ashoka da ke Allahabad, wadda yanzu ake kira Prayagraj. A sama ga sarki yana hana zub da jini, a ƙasa ga wani yana lissafa sarakunan da ya tumɓuke a arewa da waɗanda ya kama ya saki a kudu. Bayan fiye da shekara dubu kuma Jahangir na gidan Mughal ya zo ya sa aka rubuta tasa salsalar da Farisanci a jikin wannan ginshiƙi. Ina son hoton dutsen nan ya zama bangon littafin, in an sami wanda babu matsalar haƙƙin mallaka a kansa.

Domin malamar nan na ƙara sashe kan Prabhavatigupta, 'yar Chandragupta na Biyu. An aurar da ita ga sarkin Vakataka, mijin ya rasu da wuri, ta riƙe sarautar shekaru masu yawa a madadin 'ya'yanta. A allunan tagullar da ta bayar na kyautar ƙasa, salsalar gidan ubanta ta jera, ba ta gidan miji ba.

13 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na dawo kan aikin, na shiga zamanin da ya fi rikitarwa, daga ƙarni na shida zuwa na goma. Daula ɗaya ta ƙare, gidaje sun yi yawa, kuma a nan ne tambayata ta fi samun abin ci, domin a nan ne ƙera asali ya zama sana'a.

Harsha na Kannauj, 606 zuwa 647, ya yi sa'ar marubuta: mawaƙin fadarsa Bana da matafiyin nan na Sin, Xuanzang. Amma da ya nufi kudu Pulakeshin na Biyu, sarkin Chalukya, ya tare shi a wajen kogin Narmada, kuma rubutun Aihole na 634 ya adana labarin. A 642 Pallava, masu sarauta a ƙasar Tamil ta kudu, suka ci Badami, babban birnin Pulakeshin. Abin lura game da Chalukya shi ne zancen cewa kakanninsu 59 sun yi sarauta a Ayodhya, birnin Rama abin bautar Hindu, bai fito ba sai bayan ɗaruruwan shekaru, a bakin masu ɗauke da sunan gidan na baya. Salsalar tana ƙara tsawo ne gwargwadon nisan zamani.

Dantidurga na Rashtrakuta hakimi ne a ƙarƙashin Chalukya, ya juya musu baya wajen 753. Ya yi wani biki da ake kira hiranyagarbha. Sarki zai shiga wata babbar tukunya ta zinariya, malaman Brahmana, wato ajin limaman Hindu, su yi masa addu'o'in mai ciki da na haihuwa, ya fito a matsayin wanda aka sake haifa, su kuma su tafi da zinariyar. Da ƙarfin takobi ya sami mulki, da zinariya ya nemi haihuwar da ta dace da shi. Daga baya magadansa suka ce su zuriyar Yadu ne, dangin Krishna abin bautar Hindu. Su ne suka sassaƙe wurin bautar Kailasa a Ellora daga dutse guda, tun daga sama har ƙasa. Wani bayanin Larabci na shekarar 851 ya sa sarkinsu, wanda Larabawa ke kira Balhara, cikin manyan sarakunan duniya huɗu, tare da Halifan Abbasiyawa da sarkin Sin da na Rum. Al-Mas'udi kuma ya yaba yadda Musulmi ke zaune lafiya a ƙasarsa da masallatansu.

Pratihara sun ce su jikokin Lakshmana ne, ƙanen Rama. Paramara sun ce kakansu daga cikin wutar layya ya fito a kan dutsen Abu. Sai ga Pala na Bengal da wani labari dabam. Allon tagulla na Khalimpur ya ce ƙasa ta shiga halin kifaye, babba na haɗiye ƙarami, sai mutane suka ɗora Gopala a kan mulki, wajen 750. An ambaci ubansa da kakansa ba tare da sarauta ba. Gidan da ya ce jama'a ne suka naɗa shi ya yi kusan shekara ɗari huɗu.

Wani ya rubuto mini yana cewa in zubar da tatsuniyoyin nan duka, in bar abin da aka tabbatar. Ba zan yi ba. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu mun san cewa irin wannan labari, ko bai gaya maka abin da ya faru ba, yana gaya maka yadda masu mulki ke son a gan su, da wanda suke so a ce ɗan'uwansu ne, da wanda suke so a ware. Wannan ma tarihi ne, muddin an ajiye shi a gefensa.

4 ga Mayu

Chola. Na ji daɗin wannan babi fiye da yadda na zata, saboda mutanen nan ba sa gajiya da rubutu.

Sunan tsoho ne, har Ashoka ya ambace su cikin maƙwabtansa na kudu, kuma waƙoƙin Tamil na dā sun yabi Karikala. Daga nan sai suka dushe ɗaruruwan shekaru. Wajen 850 wani ƙaramin sarki, Vijayalaya, ya kama Thanjavur a lokacin da Pallava da Pandya ke fama da juna. Da gidan ya yi ƙarfi, allunan tagullarsa suka ja salsala daga Vijayalaya zuwa Karikala, daga Karikala har zuwa rana.

Rajaraja na Ɗaya, 985 zuwa 1014, ya ci arewacin Siri Lanka da tsibiran Maldives, ya sa aka auna gonakin ƙasarsa domin haraji, ya kammala babban wurin bauta na Thanjavur a 1010, mai hasumiya kimanin mita 60. Abin da ya riƙe ni ba tsayinsa ba ne, bangonsa ne. An sassaƙa kyautar da sarki ya bayar da ta yayarsa Kundavai, da nauyin kowane kayan ado. An rubuta sunayen mata masu rawa 400 da gidan da aka ba kowacce da rabonta. An rubuta makaɗa da masu gadi da makiyayan da aka ba dabbobi domin su riƙa kawo man fitila. Bayan shekara dubu ana iya kiran waɗannan talakawa da sunayensu. Ɗansa Rajendra ya tura runduna har kogin Ganga, aka ɗebo ruwansa aka zuba a tafkin sabon birninsa, sannan a 1025 ya tura jiragen ruwa suka far wa daular Srivijaya a Sumatra da Kedah, masu riƙe da mashigin da fatauci da Sin ke bi.

Na ba Uttaramerur shafi biyu cur. A bangon wani gini a garin akwai dokokin zaɓe na wajen 920. Garin na da unguwanni 30. Wanda za a sa sunansa dole ya mallaki gona da gida, shekarunsa tsakanin 35 da 70, kuma bai riƙe muƙami ba a shekara ukun da suka wuce. Ana rubuta sunaye a ganyen giginya, a zuba a tukunya, a kira yaro ƙarami ya zaro. Daga nan ake fitar da masu kula da tafki da lambuna da sauran al'amura. Wanda ya riƙe amana ya kasa kawo lissafi, an haramta masa, har da danginsa na kusa. Na faɗa a fili cewa garin na Brahmana masu ƙasa ne, manoman da ke yi musu aiki ba sa cikin tukunyar. Amma dokar lissafin nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai.

18 ga Mayu

Wannan karon gyara kawai na yi. Na rage babin Kushan da na Harsha, na haɗe Pratihara da Paramara wuri ɗaya. Taswira ta uku ta zo, ta hanyoyin ruwa daga gaɓar Tamil zuwa Sumatra. Jadawalin shekaru ya kai 1192.

15 ga Yuni

Na shiga Delhi, kuma tambayar asali ta juye. Har zuwa nan ina fama da gidajen da ke neman kakanni a rana da wata. Yanzu ga sarakunan da aka saya a kasuwa.

Bayan Muhammad na Ghor ya ci Prithviraj Chauhan a Tarain a 1192, bayinsa Turkawa ya bar wa riƙon ƙasar. Da aka kashe shi a 1206, bawansa Kutbuddin Aibak ya zama mai mulki. Daga baya sai Iltutmish, 1211 zuwa 1236, wanda shi kuma bawan Aibak ne. Marubucin zamanin, Juzjani, ya ce 'yan'uwansa ne suka sayar da shi yana yaro saboda hassada, kuma duk Musulmin da ya ji wannan zai tuna da Annabi Yusuf, Alaihis Salam. Ina ganin ba a banza aka tsara labarin haka ba: bautar ta zama jarrabawar da Allah ya ɗaukaka shi ta hanyarta. Ibn Battuta ya ruwaito cewa da malamai suka zo mubaya'a, sai da ya fito da takardar 'yancinsa ya nuna musu. A 1229 kuma Halifan Bagadaza ya aiko masa da riga da takardar amincewa. Abin da tukunyar zinariya ta yi wa Dantidurga, takardar Halifa ta yi wa Iltutmish.

'Yarsa Raziya ta hau a 1236. Ta fito fili, ta hau giwa, ta ja runduna. Manyan bayin ubanta ba su yafe mata ɗaga Jamaluddin Yakut ba, Bahabashe mai kula da bargar dawaki, domin ba Baturke ba ne. A 1240 aka kashe ta. Balban, wanda ya hau a 1266, shi ma Iltutmish ne ya saye shi, amma da ya zauna daram sai ya ce shi jinin Afrasiyab ne, gwarzon tatsuniyoyin Farisa, ya kuma ƙi ba wanda yake ganin ba shi da asali muƙami. Wannan ya ɓata mini rai da na karanta. Mutumin da ya san zafin a yi cinikinsa ya rufe wa wasu ƙofar da aka buɗe masa.

A kan Muhammad bin Tughluk, 1325 zuwa 1351, na sami wurin da labarin ya taɓo gida. Ibn Battuta ya iso Delhi a 1334, sarkin ya naɗa shi alƙali, ya zauna shekaru yana ganin kyautarsa da kuma saurin zub da jininsa. Daga baya ya yi alƙalanci a Maldives, inda ya ga yadda ake tara wuri: 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya. Ya ce ya ga irin wannan wuri a Mali da Gao ana ba da 1,150 a kan dinari. Kuɗin wurin da daga baya ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, mafi yawansa daga Tekun Indiya ya fito. Kuma a 1353 mutumin nan da ya zauna a fadar Delhi ya sauka a Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno. Zan sa wannan a akwati na musamman tare da taswirar tafiyarsa.

29 ga Yuni

Babi goma sha ɗaya sun kammala, saura uku. Na farko kan Kakatiya na Warangal da sarauniyarsu Rudrama Devi, wadda ubanta ya naɗa magajiya kuma rubuce-rubuce ke kiranta da sunan namiji. Na biyu kan Vijayanagara, wadda ake cewa 'yan'uwa biyu, Harihara da Bukka, suka kafa a 1336. Na uku kan Bahmani, wadda wani kwamandan Tughluk mai suna Hasan ya kafa a 1347 bayan tawaye, sannan aka ja masa salsala zuwa Bahman, sarkin Farisa na dā. Waɗannan biyu na ƙarshe daga rugujewar ikon Tughluk a kudu suka fito, don haka zan rubuta su a jere.

Na yanke shawarar tsayawa a yaƙin Panipat na 1526, Mughal su jira nasu littafin. Malamai biyu masu koyar da tarihi a sakandare sun karɓi babi biyar na farko za su gwada da ɗalibansu kafin hutu, na roƙe su su ja layi a duk inda yaro ya tsaya bai gane ba. Saura taswira biyu, da neman izinin hoton ginshiƙin Allahabad. Gobe in Allah Ya kai mu zan fara Warangal.